Manaja Ya Ƙi Rabonsa

Manaja muke ce masa, yaro da babba, har surukarsa ma da wannan sunan take kiransa. Asalin sunan daga wani babban kantin takalma ne inda ya yi aiki yana saurayi. Aikinsa a can shi ne ya durƙusa ya gwada wa mutane takalmi, ya ce ya yi musu kyau ko da yatsunsu na kuka a ciki. Sai wata shekara manajan gaske ya kwanta asibiti, aka ba shi riƙon makullai na ɗan lokaci. Manajan ya warke ya karɓi makullansa, amma sunan ya ƙi komawa, don mutumin namu bai bar shi ya koma ba.

Dogo ne mai faɗin kafaɗa, irin mutanen da kwat ke yi wa biyayya. Ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana, kuma idan zai amsa gaisuwarka sai ya ɗan jinkirta, kamar yana duba ko akwai gurbinka a cikin harkokinsa na ranar. Da wannan tafiyar ya sace zuciyar wata mai guga a otal, siririya, marar yawan magana, wadda hannunta ba ya zama haka nan. Suka yi aure, suka kama hayar ɗaki biyu da falo a saman wani bene a layinmu. Haihuwar fari ta samu 'yan biyu mata, shi ke nan ta zama Maman Biyu, sunanta ya bi ruwa.

Yaran ba su fara zama ba kantin takalman ya rufe. Ɗan abin da aka ba shi na sallama, Manaja ya sayi agogo da jakar hannu, wai neman aiki sai da shiga. Ita kuwa ta fasa asusunta, ta sayi tsohon injin wanki da dutsen guga biyu, ta kama shagon da ke ƙasan benen. To jarirai ba sa renon kansu, kuma ba a goyo a gaban tururin guga. Aka yi shawara a falo cewa shi zai riƙe gida na ɗan lokaci, kafin aikin da ya dace da shi ya fito. Ɗan lokacin nan shi ne ya kai shekara ashirin da ɗoriya.

Aiki ya taɓa fitowa, a faɗi gaskiya. Wani kamfani a gari mai nisa ya neme shi ya riƙe musu sito, da albashi mai kyau da ɗakin kwana. A daidai lokacin ne otal ɗin da ta bari suka ba ta kwangilar wankin zannuwan gadonsu. Ta roƙe shi ya haƙura, don idan ya tafi, ko shagon ya mutu ko yaran su tagayyara. Ya yi ta juyi, ƙarshe ya haƙura. Mu abin da ya gaya mana a waje shi ne albashin nasu raini ne, ko kuɗin man takalminsa bai kai ba.

Ga yadda yininsa yake, kamar yadda muka sani daga baya. Da sassafe Maman Biyu za ta sauka shago. Tana jawo ƙofa zai bi tagogi ya sassaki labule, ya ɗaura tsohon zanenta a ƙugu, ya shiga aiki: wankan yara, bulumbotin madara, shara, goge-goge, wanke-wanke. Gidan masu wanki ne, amma injin na kayan mutane ne, don haka kunzugun yaran da hannu yake wankewa, ya shanya a banɗaki, saboda baranda tana kallon titi. Girkinsa da farko sai dai a ci don kada a mutu. Amma mutum ne mai son abu ya yi kyau, a hankali ya gwanance har miyarsa ta fi ta surukarsa, abin da tsohuwar ta rasu ba ta sani ba, don duk zuwanta 'yarta take yaba wa.

Da yaran suka isa makaranta sai ga matsalar kitso. Uwarsu ba ta da lokaci, masu kitso kuma suna sa su kuka. Manaja ya zauna da abin goge ƙasa mai zare tsakanin gwiwoyinsa, yana kitsawa yana tsefewa, har hannunsa ya faɗa. Kan 'yan biyun ya zama abin kallo a makaranta. Matan layi suka dame shi da tambayar wace ce mai kitson, ya ce wata ce yake ɗaukowa takanas daga can ƙarshen gari, tana da tsada, kuma ba ta karɓar sababbin mutane.

Sai rana ta yi sanyi sannan Manajan da muka sani yake fitowa. Zai yi wanka, ya murza lemon tsami a hannu don warin albasa, ya shiga shagon ta ƙofar baya, ya duba cikin kayan da masu su ba su zo karɓa ba, ya zaɓi kwat ɗin da ta yi masa. Sai ya fito ta gaba, ya zauna a kujerarsa mai hannu ƙarƙashin allon shagon yana kaɗa makullai. Jifa-jifa zai juya ya ɗaga murya ya ce a yi sauri da kayan otal, shi ba ya son wasa da aiki. Kayan otal kuwa tun hantsi ta kai su. Daga ciki sai ka ji ta ce, "To, maigida."

An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma shi nasa ya rufe. Sau ɗaya wani ma'aikacin banki ya haɗu da kwat ɗinsa a jikin Manaja a wajen wani taro. Kafin ya buɗe baki Manaja ya riƙe hannunsa, ya ce ashe tela ɗaya ke yi musu ɗinki, lallai yana da ido. Ma'aikacin bankin ya tafi yana jin daɗi.

Abokan zamansa na yamma biyu ne, Mai Kemis wanda shagonsa ke jikin nasu, da Mai Aski na tsallaken titi. Su ne ke yaɗa labarinsa. Idan za a gyara kwatar layi, Manaja ne ke fara zaro kuɗi. Idan wani ya kwanta rashin lafiya, shi ne. Kuɗin kuwa Maman Biyu ce ke saka masa a aljihu kafin ya fita, ba tare da sun haɗa ido ba. Ba wauta ce ta sa ta haka ba. Ta san ba don mutumin da ke saman benen nan ba, da ko inji na biyu ba ta saya ba, balle motar kai kaya. Ita tana cin wahalarsa, shi yana cin sunanta, kuma babu wanda ya taɓa faɗin haka da baki.

Abin ya lalace ne ranar buɗe shago na biyu. Lokacin 'yan biyun sun tafi jami'a. Ita ta nemo wurin, ita ta yi ta sintiri a banki, ita ta tsaya a kan masu fenti. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka miƙa wa Manaja lasifika. Ya gode wa mai ginin, ya gode wa mai haɗa wuta, ya gode wa Mai Kemis da Mai Aski saboda shawarwarinsu. Har zai zauna wani ya tuna masa, sai ya ce af, da iyali, ita ma tana ɗan taɓa guga idan zaman gida ya ishe ta, don mace idan ka ƙosar da ita sai ka nema mata abin rage lokaci. Aka yi dariya, aka tafa. Daɗin tafin ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa duk wanda ya halarci taron, wankinsa kyauta ne har ƙarshen wata.

Maman Biyu tana bayan rumfa tana raba lemo. Ta gama rabawa, ta tattara kwalabe. Watan nan ta yi wankin kyautar kaf, har da na masu kwaso labulen gidajen 'yan'uwansu. Da watan ya ƙare ta hau sama, ta same shi yana yanka albasa, ta ce ta gaji, a rabu. Ya ce ai wasa yake yi a wajen taron, kowa ya san wasa ne. Ta ce matsalar ke nan, babu wanda ya san wasa ne. Ta kwashe kayan sawarta ta koma ɗakin da ke bayan sabon shagon, ta kuma canza kwaɗon ƙofar bayan tsohon.

Manya suka shiga tsakani. Yayanta ya zo, kawunsa ya zo, aka zauna a falo. Manaja ya kawo musu shinkafa da miya tana tururi, ya ce ragowar wadda ta dafa ce kafin ta tafi, suka ci suna cewa ina za a bar mace mai irin wannan hannu ta fita. Da suka je wajenta yayan ya yi mata faɗa sosai, ya ce 'yar mutunci ba ta guje wa mijin da ya kafa mata shago har biyu. Ta yi wata 'yar dariya, ta ce su koma su tambaye shi, ya san abin da take so. Suka tambaye shi, ya ce shi bai sani ba, halin mata sai su. Ba a jima ba takardar kotun iyali ta iso.

Ya tafi wajen lauya cikin kwat ɗinsa ta kansa, guda ɗaya tilo, wadda ta fara ƙyalli a gwiwar hannu. Lauyan matashi ne mai ofis ɗaki ɗaya a saman wani kantin kayan gini. Manaja ya harɗe ƙafa ya fara da abin da ya saba: shaguna biyu, injuna, mota, duk guminsa. Lauya ya washe baki, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, sannan ya yi masa bayanin doka. Ya ce idan aure ya mutu, kotu tana duba wanda ya tara da wanda ya zauna ya riƙe gida har ɗayan ya samu sukunin tarawa, sai ta sa mai samun ya biya ɗayan diyyar shekarun da ya bayar. Tunda shi ne mai dukiyar, ya shirya, matar za ta yagi rabo mai tsoka, ƙila har da na wata-wata.

Manaja ya ajiye lemon. Ya tambaya ko ƙofar nan tana rufuwa. Aka rufe. Ya ce a ƙara ƙarfin fanka. Aka ƙara. Sannan ya matso da kujera, ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa wani namiji ba, tun daga kunzugu har kitso, har aikin siton da ya bari. Takardun shagunan duk sunanta ne, mota sunanta, ajiyar banki sunanta. Shi abin da ya mallaka a duniya agogo ne da jakar hannu, sai tukwane biyu da ya zaɓo da kansa don na gidan suna ƙona miya.

Fuskar lauya ta faɗi, sai kuma ta sake tashi. Ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, shi ne za a biya, rabin komai na iya zama nasa. Abin da ake bukata kawai ya maimaita wannan a gaban alƙali, ya kuma kawo shaidu biyu da suka san zamansu.

"Ba za a iya ba ni haƙƙin nawa ba tare da an faɗi dalili ba?"

Lauya ya ce kotu ba ta ba da kuɗi don kyan tafiya.

Shaidun da yake da su Mai Kemis ne da Mai Aski. Ya same su da yamma da niyyar ya warware musu komai, ya yi ta gyaran murya, ƙarshe abin da ya fito daga bakinsa shi ne yana so su zo kotu su faɗi abin da suka sani game da shi. Suka ce wannan ai ko ba a roƙe su ba. Mai Aski ya bi layi shago-shago yana shela cewa za a zalunci mutumin kirki, duk mai kishin gaskiya ya fito. Lauya ya yi ta neman ya gana da shaidun kafin ranar, Manaja yana ce masa manyan mutane ne, ba su da lokaci, kuma ya riga ya fahimtar da su komai.

Ranar shari'a rabin layinmu ya rufe shago. Ɗakin kotun ƙarami ne, waɗanda ba su samu benci ba suka tsaya ta taga. Manaja ya shigo ya ga jama'a, ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, amma da suka miƙe suna gaishe shi sai tsohuwar tafiyar ta dawo da kanta. Alƙalin dattijo ne mai tabarau a karan hanci, daga gani ya raba aure ya fi a ƙirga, kuma an daɗe ba a ba shi mamaki ba. Maman Biyu tana gefe, hannayenta a kan cinya, kusa da lauyarta, wata mace mai kaifin baki.

Lauyan Manaja ya miƙe ya ce wanda yake tsaya wa yana neman diyya saboda gudummawar da ya bayar a zaman auren, kuma shaidu za su fayyace irinta. Aka kira Mai Kemis. Ya rantse, ya gyara tsayuwa, ya ce shekara da shekaru yana maƙwabtaka da wannan bawan Allah, bai taɓa ganin mai arziki mai sauƙin kai irinsa ba. Kullum da kwat ɗin da zai saka, ba ya maimaitawa. Lauya ya yi ƙoƙarin juya akalar, ya tambaye shi ko ya san abin da Manaja ke yi a gida daga safe zuwa yamma. Mai Kemis ya ce hutawa mana, da tunanin harkokinsa, me kuma babban mutum zai yi. Aka tambaye shi ko ya taɓa ganin sa yana wani aikin gida. Ya ce a daina zagin mutum a gaban jama'a.

Mai Aski ya ɗora daga nan. Ya ce shi shaida ne Manaja ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa, kuma har mai kitso ta musamman yake ɗauko wa 'ya'yansa daga ƙarshen gari. Ya ce yana kyautata zaton akwai wasu kadarorin ma da bai bayyana ba, don irinsu ba sa faɗin duk abin da suke da shi. Lauyar Maman Biyu tana ta rubutu, bakinta har kunne. Na Manaja ya koma ya zauna ya dafe kai.

Sai Maman Biyu ta nemi izinin magana. Lauyarta ta ja gefen rigarta, ta fizge. Ba mu taɓa jin ta yi magana mai tsawo ba sai ranar. Ta ce shagunan nata ne, guminta ne, kowane inji ta san wahalar da ta sha kafin ta saye shi. Amma ba ta zo cin haƙƙin kowa ba. Mutumin nan shi ya reni 'ya'yanta, shi ya yi jinyarsu lokacin ƙyanda, shi ya dafa duk abin da ta ci tun tana da ƙuruciya har ta fara furfura, kuma ya bar aiki mai kyau saboda ta roƙe shi. Mai kitson ƙarshen gari ma ga ta nan zaune cikin kwat.

"Ranka ya daɗe, a ba shi rabi, ya cancanta. Ni dai abin da nake so, ya faɗa da bakinsa a gaban mutanen nan cewa haka ne. Ya karɓi kuɗinsa, ya ba ni sunana."

Lauyan Manaja ya ɗago kai kamar wanda ya tsinci dami a kala, ya raɗa masa cewa ya ce e kawai, an gama. Alƙali ya dube shi ta saman tabarau, ya tambaye shi ko abin da matarsa ta faɗa gaskiya ne.

Manaja ya miƙe a hankali. Ya dubi matar, kuma waɗanda ke kusa sun ce idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya waiwaya. Ga Mai Kemis baki buɗe, ga Mai Aski yana girgiza kai yana jiran ya ƙaryata, ga taga cike da kawunan mutane.

"Sharri take yi mini, ranka ya daɗe. Ni ban taɓa riƙe tsintsiya ba."

Aka ɗauki sowa daga taga har sai da ɗan sandan kotu ya tsawatar. Alƙali ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya daɗe a kan kujerar nan, ya ga masu musun abin da ake bin su, yau ne ya fara ganin mai musun abin da za a ba shi. Ya bayyana masa dalla-dalla abin da amsar za ta jawo, ya sake tambayarsa. Manaja ya ce ya fahimta, yana nan a kan bakansa. Aka ce to me ya sa takardun duka ke ɗauke da sunanta? Ya ce shi ya kafa komai, ya sa sunanta don kyautatawa. Aka ce yana neman a dawo masa da su? Ya ce namiji ba ya amai ya lashe. Lauyansa ya fara tusa takardu cikin jaka.

Lauya dai lauya ce. Ta Maman Biyu ta ga ƙofa a buɗe, ta miƙe ta ce tunda maigidan da bakinsa da shaidunsa ya tabbatar shi ne mai samu, ke nan matar ce ta haɗa guga da aikin gida ita kaɗai duk shekarun nan, ita ta cancanci diyya. Maman Biyu ta ce ba ta so, ta yafe. Nan fa Manaja ya harzuƙa. Ya ce shi ba a yafe masa, shi ba matsiyaci ba ne, a yanka ko nawa ne zai biya. Alƙali ya daɗe yana kallon gwiwar hannun kwat ɗin nan, sannan ya yanka masa mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda, duk wata, na wasu shekaru. Manaja ya ce ya yi kaɗan. Alƙali ya ce a fitar da shi kafin ya sayar da kansa.

A waje saura kaɗan a ɗauke shi a kafaɗa. Maman Biyu ta fito ta gefe, ta wuce ba ta kalli kowa ba. Ta tafi da shaguna biyu da mota da hukuncin diyya, amma abin da ta zo nema ba ta samu ba. Har yau mazan layinmu suna nuna ta suna cewa ga matar da aka ba komai ta saka da ƙazafi. Daga baya ne matar Mai Kemis ta ce su mata tun tuni suka sani, don mutumin da bai san hanyar kicin ba ba ya tsayawa a kasuwa yana matsa tumatir yana shinshinawa. Mijinta ya ce haka mata suke, ba sa son ganin namiji ya ɗaukaka.

Sowa ba ta biyan haya. Ba a daɗe ba Manaja ya bar saman benen, ya ce mana ya yi masa girma shi kaɗai, ya koma ɗaki ɗaya a wata unguwa. Ga diyya kuma tana jiran ƙarshen wata. Ya ɗauki jakar hannu ya zaga ofisoshi, duk inda ya je sai a tambaye shi me ya yi a shekarun nan, ya ce harkoki, a ce za a neme shi. Ƙarshe ya ji wata makarantar renon yara a bayan tasha tana neman mai dafa abinci. Shugabar ta gan shi da kwat ta yi dariya, ta ce ya gwada na yini ɗaya. Ranar yaran suka cinye har ƙanzo, wani da bai taɓa yarda ya ci wake ba ya nemi ƙari. Ta ɗauke shi. Yana shiga ta ƙofar baya, yana fita ta gaba, kuma a layinmu an san cewa ya koma harkar makarantu.

Duk ƙarshen wata yakan zo biyan diyya. Ba ya aikowa, ba ya turawa ta banki. Sai yamma ta yi, layi ya cika, ya taho da ambulan a hannu yadda kowa zai gani, ya ajiye a kan teburin karɓar kaya. Maman Biyu takan ce, "An gode, Baban Biyu," ta tambaye shi ciwon bayansa. Idan ya tafi sai ta ƙara wani abu a kai, ta ba 'yan biyun, waɗanda yanzu sun gama karatu, su kai wa mai gidan da yake haya. Shi Manaja cewa ya yi mai gidan ne ya ga girmansa ya daina karɓar haya a hannunsa. Ko ya yarda da hakan a ransa ko bai yarda ba, 'ya'yan ba su bincika ba. Sukan je masa ranar hutu, ya dafa musu, su ci suna ba shi labarin samarinsu. Ɗaya daga cikinsu ta taɓa tambayarsa me ya hana shi cewa e ranar nan. Ya juya miya, sannan ya ce, "Kuɗi idan ya ƙare ana nemo wani. Ni ina zan nemo wani Manajan?"

Labarin shari'ar ya zaga gari. Maza masu shirin rabuwa suka fara zuwa neman shawara wajen mutumin da ya bar wa mace shaguna biyu ya kuma ƙara mata da na wata-wata. Yakan karɓe su a wani shagon shayi kusa da tasha, ya harɗe ƙafa, ya ce musu kada su tsaya jayayya da mace a kan abin duniya, mutunci ya fi. Wani direban tasi ya bi shawararsa ya bar wa matarsa motar, yanzu shi ke tuƙa mata, yana kai mata balas kullum yamma. Wani mai gidan biredi ya fita daga gidansa da katifa kawai. An daɗe kafin a gane cewa yawancin mazan nan matansu ne ke turo su, wasu har da kuɗin mota.

Makon jiya na gan shi a shagon shayin da wani kafinta a gabansa. Mutumin ya sunkuyar da kai yana saurare, matarsa kuma tana tsallaken titi tana yi kamar tana duba waya. Da suka gama kafintan ya zaro kuɗi zai ba da ladan shawara. Manaja ya ture hannunsa, ya ce shi ba ya karɓar irin wannan, sannan ya ɗaga murya ya ce wa mai shayi a haɗa na baƙon a cikin nasa. Mai shayin ya dube ni, na dube shi, na sa hannu a aljihu.